Komawa Aji Bayan An Bari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Ingancin Makarantun Dama ta Biyu na Gwamnati

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye, mazaje, 'yan kwamitin makaranta da su kansu masu son komawa karatu suke yawan yi game da ajujuwan yamma, makarantun matan aure da sauran shirye-shiryen da hukuma ke buɗewa domin wanda sakandare ta kuɓuce masa. Amsoshin sun dogara ne kan yadda tsarin yake a Najeriya.

Wai me ake nufi da makarantar dama ta biyu?

Duk wata hanya ce da aka tanada domin wanda bai bi layin da aka saba ba, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. Akwai yarinyar da aka cire daga aji 2 aka yi mata aure. Akwai saurayin da ya ajiye jaka ya kama gareji. Akwai wanda rikici ya raba da garinsu ya yi shekaru a sansanin gudun hijira, akwai kuma gardin da ya sauke Alƙur'ani yana neman boko da gemunsa. Irin waɗannan ba za a haɗa su benci ɗaya da 'yan shekara 12 a ce su zauna daga safe har azahar ba.

Shirin yana zuwa a siffa daban-daban. Wani ajin yamma ne a cikin ginin makarantar gwamnati bayan an tashi 'yan safe. Wani cibiya ce mai zaman kanta, irin cibiyoyin mata na Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ko cibiyar ci gaba da karatu ta mata da ke Sakkwato. A Legas ma gwamnatin jiha ta buɗe irin wannan sakandare a Agboju a 2007 domin 'yan matan da ciki, aure ko talauci ya fitar daga aji. Sai kuma shirin gaggawa, wanda ake dunƙule karatun shekaru da yawa a cikin kaɗan.

Wa ke da alhakin waɗannan makarantu?

A nan ne rikicin yake farawa, domin iyayen gidan suna da yawa. A tarayya akwai Hukumar Yaƙi da Jahilci da Ilimin Manya ta Ƙasa, NMEC, da aka kafa a 1990, kuma kowace jiha tana da tata hukumar da ke riƙe da cibiyoyin. Hukumar tsara manhaja, NERDC, ita ta fitar da shirin gaggawa na ilimin bai-ɗaya da ake kira ABEP, wanda aka fara gwadawa a Borno kafin a ƙaddamar da shi ga ƙasa baki ɗaya a 2022. An yi shi ne domin 'yan shekara 10 zuwa 18, a mataki 3: na farko ya tattara firamare 1 zuwa 3, na biyu firamare 4 zuwa 6, na uku ƙaramar sakandare. Akwai shirin AGILE na 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020 domin jihohin Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, aka ƙara dala miliyan 700 a 2023 aka shigo da wasu jihohi 11, aka kuma faɗaɗa shi ya haɗa da waɗanda suka bar makaranta da matan aure. A 2023 ɗin ne kuma aka kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Amfanin sanin wannan ga mai tambaya ɗaya ne: kafin komai, a nemi shugaban cibiya ya faɗi sunan hukumar da ke biyan malamansa da wadda ke turo masa sufeto. In hukuma ɗaya ce, madalla. In ya fara kame-kame, yana cewa ginin na ma'aikatar ilimi ne, malaman na wata ƙungiya ne, allon ƙofa kuma na wani shiri ne, to ranar da abu ya lalace babu wanda za a kama.

In zan tambayi abu ɗaya tak, me zan tambaya?

Mutum nawa suka shiga a ranar farko, kuma ina kowannensu yake yau?

Makarantu sun fi son a fara ƙirga daga ƙofar ɗakin jarrabawa. A ce wata cibiya ta ɗauki mata 120 a aji 1 na babbar sakandare. Bayan shekara 3, mata 30 suka zauna NECO, 24 suka samu kiredit 5. Shugaba zai miƙe a ranar yaye ɗalibai ya ce kashi 80 cikin 100 sun ci, a tafa masa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma in aka ƙirga daga ranar farko, 24 cikin 120 kashi 20 ne. Sauran 90 ɗin da ba su kai ga jarrabawa ba, su ne ainihin waɗanda aka buɗe cibiyar dominsu, tunda mutanen da suka taɓa barin aji ne, kuma ga shi sun sake bari.

Yanzu a ɗauki wata cibiyar da ita ma ta fara da 120, ta riƙe 85 har ƙarshe, 40 suka samu kiredit 5. A takarda ba ta kai rabi ba, sai a ce ta gaza. Alhali ita ce ta fi: ta fitar da masu shaidar kammalawa kusan ninki biyu, sauran 45 ɗin kuma sun zauna shekara 3 a aji, da yawansu darasi ɗaya ko biyu ya rage su gyara.

Saboda haka rajistar shiga ta shekara 3 da suka wuce ta fi allon sakamakon da aka manna a ofis daraja. A buɗe ta, a bi sunaye. Wannan fa? Ta haihu, ta dawo bayan zango ɗaya. Wannan? An canza wa mijinta wurin aiki, mun ba ta takardar canjin makaranta. Wannan? Shiru. Ba wanda ya ce kada ɗalibi ya tafi, rayuwa ce. Abin dubawa shi ne ko makarantar ta san dalilin tafiyarsa, ko ta taɓa aika wani ya bi sawu. Cibiyar da malama za ta iya gaya maka dalilin ɓacewar ɗalibai 8 cikin 10 ba tare da ta duba takarda ba, wannan ta san aikinta, ko da rufin ajinta yana yoyo.

To ai sakamakon WAEC da NECO shi ne alƙali, ko ba haka ba?

Alƙali ne, amma akwai hanyoyi biyu da ake rufe masa ido.

Ta farko tacewa. A inda gwamnati ke biyan kuɗin jarrabawa ga waɗanda suka tsallake ta tantancewa kawai, kamar kwalifayin a Kano, waɗanda suka isa ɗakin jarrabawa an riga an tsince su. Wanda ya faɗi kuma ba shi da kuɗin rajista, a gida zai zauna, sunansa ba zai fito cikin waɗanda suka faɗi NECO ba balle ya ɓata wa makaranta lissafi. Wani lokacin ma ba sai da jarrabawar tantancewa ba, malami ne zai ja ɗaliba gefe ya ce ta bari sai baɗi.

Ta biyu satar amsa. Kowa ya san santocin da ake kai ɗalibai a rubuta musu amsa a allo, kuma dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ba ta kashe kasuwar ba. Babba mai iyali da ya ga shekaru sun ja yana cikin waɗanda suka fi saurin faɗawa wannan tarko, domin takardar yake nema da gaggawa. Gane shi ba wuya. In aji guda ya fito da B3 da C4 a Ingilishi kusan kowa da kowa, a nemi littattafan aikinsu na zangon ƙarshe a ga rubutun da suke yi. In ɗalibar da ta samu kiredit a Lissafi ba za ta iya fitar da kashi 15 cikin 100 na naira 4,000 ba, to ba a wannan ajin aka samo kiredit ɗin ba. Sakamakon gaskiya yana da tudu da gangare: 'yan A da B kaɗan, C da yawa, ga D7 da E8, ga F9 nan da can. Wanda ya fito sumul babu ko ƙwarzane ya fi mummunan sakamako tayar da hankali.

Adalci ne a gwada su da makarantar safe?

A wurin mafari, ba adalci ba ne. A wurin mafita, dole ne.

Matar da ta yi shekara 7 rabonta da biro ba daidai take da yarinyar da ta fito daga aji 3 watan jiya ba, kuma duk wanda ya jera makin su biyun ya yanke hukunci ya zalunci malaman yamma. Abin da ya dace a auna shi ne tazarar da aka ci. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai in an gwada ɗalibi ranar da ya shigo: a ba shi shafi ya karanta, a ba shi lissafi ya yi, a rubuta inda ya tsaya, a sa shi ajin da ya dace da abin da ya iya, ba ajin da ya ce ya bari ba. Cibiyoyi da yawa ba sa yin wannan gwajin. Mutum zai ce a aji 2 na babbar sakandare ya tsaya, a rubuta, a kai shi can, sai bayan wata biyu a gane haɗa baƙi ma yana ba shi wuya. Daga nan kunya ta hana shi tambaya, ƙafa ta fara ɗaukewa.

Amma ranar fita, takarda iri ɗaya za su riƙe, kwalejin jinya ɗaya za su nema, kuma babu marar lafiyar da zai yi wa ma'aikaciya rangwame don a ajin yamma ta yi karatu. Tausayin da ke sa a rage wa ɗalibai nauyin abin da ya kamata su sani, a ce ai matan aure ne, a bar su haka, raini ne.

Ta yaya za a yi karatun shekara 3 a shekara ɗaya? Ba yaudara ba ce?

Ba lallai ba. Babba yana kama abu da sauri fiye da yaro, kuma ya zo da abin da ya sani: mai sayar da awara ta san riba da faɗuwa tun kafin a rubuta mata su a allo. Manhajar makarantar safe kuma cike take da maimaici, abin da aka yi a aji 1 a sake taɓa shi a aji 2. In masana suka zauna suka cire maimaicin suka bar ginshiƙai, lokaci yana raguwa sosai. A kan wannan tunani aka gina ABEP, kuma yana cikin ƙa'idoji 10 na karatun gaggawa da gamayyar hukumomi irin su UNHCR, UNICEF da UNESCO suka fitar.

Yaudarar tana shigowa ne in ba a dunƙule manhaja ba sai dai an gutsure ta, wato malami ya ɗauko littafin 'yan safe ya fara daga shafin farko, inda shekara ta ƙare nan karatu ya tsaya. A tambaya a ga manhajar da ido. A kuma yi lissafin awoyi. Ɗan safe yana samun kusan awa 5 na darasi a rana, kwana 5, awa 25 ke nan a mako. Ajin da ke farawa ƙarfe 3 ya tashi 6, kwana 4 a mako, in aka cire sallar La'asar da lattin shigowa, da ƙyar ya kai awa 10. Da awa 10 a mako ana iya yin abin kirki a darussa 5 ko 6. Wanda ya ce zai gama darussa 9 na babbar sakandare da su, har da Kimiyyar Sinadarai (Chemistry) da ta Lissafin Motsi (Physics), cikin rabin lokacin 'yan safe, a nemi ya nuna yadda zai yi. Kuma a lura, ABEP a ƙaramar sakandare ya tsaya. Babbar sakandare ta fi wuyar dunƙulewa, domin abin da ke cikinta sabo ne ga kowa, ba abin da rayuwa ta riga ta koya wa mutum ba.

Me zan duba game da malamai?

A ƙa'ida, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma malami ya kamata ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. A babbar sakandare ana son mai digiri a fannin da yake koyarwa. Wannan a tambaya, amma akwai abin da ya fi shi tasiri a ajin yamma: yaushe aka biya su na ƙarshe?

Galibin masu koyarwa a irin waɗannan ajujuwa ko dai malaman safe ne da ke ƙarawa da yamma a kan ɗan alawus, ko 'yan sa-kai. Wanda ya tsaya gaban allo tun 8 na safe, ya dawo ƙarfe 3 a gajiye, kuma wata 5 bai ga alawus ba, ba mugunta ce za ta hana shi zuwa ba, cefane ne. A duba littafin da malamai ke sa hannu, a gwada shi da jadawali. A fi sa ido kan Ingilishi da Lissafi, domin su ne ke tsare wa ɗalibai hanya, kuma malamansu ne aka fi rububi a makarantun kuɗi da darussan gida.

Sai halin koyar da manya. Malamin da ya saba da tsawa da bulala, in ya daka wa uwar 'ya'ya huɗu tsawa a gaban aji don ta kasa karanta jimla, gobe ba zai gan ta ba, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba.

Wace takarda 'yata za ta samu in ta gama?

Wannan a tambaye shi ranar rajista, kada a bari sai ranar yaye. Takardar da cibiya ke bugawa da kanta mai ɗauke da hoton gwamna, shaidar halarta ce, ba ta shigar da kowa ko'ina. Abin da ke buɗe ƙofa a ƙarshen ƙaramar sakandare shi ne jarrabawar BECE, wadda jiha ko NECO ke shiryawa. A ƙarshen babba kuwa, WAEC, NECO, NABTEB ga masu fasaha da kasuwanci, ko ta hukumar NBAIS ga masu Larabci da addinin Musulunci.

Akwai hanya biyu ta zama. In cibiyar tana da lambar santa da hukumar jarrabawa ta ba ta, ɗalibai za su zauna a matsayin 'yan makaranta, kuma za a haɗa da makin gwaje-gwajen da suka yi a aji. In ba ta da ita, sai jarrabawar 'yan waje, wadda NECO ke yi a ƙarshen shekara, WAEC kuma sau biyu a shekara. Duka biyun karɓaɓɓu ne wajen neman gurbi ta JAMB. Abin da ake nema dai kiredit 5 da suka haɗa da Ingilishi, da Lissafi ga mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Abin gudu shi ne cibiyar da ke kwasar ɗalibanta ta kai su wata makaranta a wani ƙauye su zauna da sunan 'yan can. Wani abu kuma: tun 2024 WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa a kwamfuta, JAMB kuwa ta daɗe a kai. Cibiyar da ɗalibanta ba su taɓa sa hannu a kwamfuta ba ta bar su da aiki.

In dai an samu takardar, ba shi ke nan ba?

Amurka ta riga mu gwada wannan. Tun 1942 suke da jarrabawar GED, wadda aka ƙirƙiro domin sojojin da yaƙi ya raba da makaranta, daga baya ta zama hanyar da duk wanda bai gama sakandare ba zai samu shaida daidai da ta wanda ya gama. A 1993 masanin tattalin arziki James Heckman, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel, da abokin aikinsa Stephen Cameron suka bi diddigin masu wannan takarda, suka ga abin da suke samu a wurin aiki ya fi kusa da na waɗanda suka bar makaranta fiye da na waɗanda suka gama. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, ai sun ci jarrabawa. Abin da binciken Heckman na baya ya nuna shi ne bambancin yana wajen juriya, kiyaye lokaci da iya ƙarasa abin da aka fara, abubuwan da zaman aji na shekaru ke ginawa, jarrabawar kwana biyu kuwa ba ta auna su.

Don haka cibiyar da ta koma wurin haddace tsoffin tambayoyi na wata 4 kafin jarrabawa ba sakandare ba ce, ko da sakamakonta na halal ne. A tambayi shugaba ina 'yan shekarar da ta wuce suke. Nawa suka shiga kwalejin ilimi, nawa makarantar kiwon lafiya, nawa suka kai shekara ta biyu a can ba a kore su ba?

Matata tana goyo, kuma ba na son ta kai magariba a waje. Akwai abin da zan duba na musamman?

Akwai, Malam, kuma abubuwan da za ka duba su ne suke raba cibiyar da aka tsara domin mata da wadda aka liƙa wa suna kawai. Lokacin tashi ya zama kafin magariba da tazarar da za ta isa gida. A samu inda za a kwantar da jariri da mai kula da shi, ko aƙalla a yarda ta shiga aji da goyonta ba tare da harara ba. Banɗaki mai ƙofa da ruwa. Malamai mata, ko da ba duka ba. Nisan wurin ma lissafi ne, domin kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa sau 4 a mako yana iya fin duk abin da makarantar za ta nema.

Babbar tambayar ita ce haihuwa. In ta haihu ta yi arba'in, ko ta yi zango guda a gida, za ta ci gaba daga inda ta tsaya ko za a ce ta faro daga farko? Cibiya mai kyau tana da amsa a rubuce, kuma za ta iya nuna maka matan da suka tafi suka dawo. A karkara kuma a tambayi yadda suke yi da damina da kaka, lokacin da aiki ke kwashe maza da mata.

Suna koyar da ɗinki da man shafawa. Wannan ba alamar inganci ba ce?

Ya danganta. Keken ɗinki 3 ga mata 60, biyu sun lalace, hoto ne domin baƙi. A ƙirga kayan aiki da masu amfani da su, a tambayi wa ke sayen yadi da zare, a ga abin da ɗalibai suka ɗinka da hannunsu. In ana son sana'ar ta zama ta takarda, a tambaya ko ana kai su ga NABTEB. Kuma kada sana'a ta cinye awoyin Ingilishi da Lissafi. Wadda ta zo neman hanyar zama malamar asibiti aka sallame ta da sabulun ruwa, ba a ba ta abin da ta zo nema ba.

Gaskiya ne wasu makarantu suna mayar da ajin yamma wurin zubar da ɗaliban da suka gagare su?

Yana faruwa a duk inda ake auna shugaban makaranta da sakamakon jarrabawa kaɗai. A 2017 'yan jaridar kafar labarai ta ProPublica da ke Amurka sun bankaɗo yadda wasu manyan sakandaren gwamnati a Orlando, jihar Florida, ke tura ɗalibai masu rauni zuwa makarantar dama ta biyu domin nasu alƙaluman su yi kyau, can kuma in ɗalibi ya daina zuwa sai a rubuta cewa ya koma karatun manya, kada a lissafa shi cikin waɗanda suka bar makaranta. Kowa ya fita da tsabta a takarda, yaran kuwa suna titi.

A wurinmu hanyar ganewa ita ce a tambayi ɗalibai yadda aka yi suka zo. Wanda ya kawo kansa ko iyayensa suka kawo shi daban, wanda aka ce masa daga gobe ya koma yamma daban. A duba kuma ko ƙofar tana buɗewa ta ɓangare biyu. Yarinya 'yar shekara 14 da ta cike giɓinta a shirin gaggawa, makarantar safe ya kamata ta koma, kuma ABEP ma da wannan niyya aka tsara shi. In shekaru sun wuce ba a taɓa mayar da ko mutum ɗaya ba, akwai magana.

In na je da kaina, me zan iya gani a awa ɗaya?

Kada a je ranar da aka gayyata. A je ranar Laraba a tsakiyar zango, minti 20 bayan lokacin farawa. A ƙirga kawunan da ke aji a gwada da rajistar ranar. In rajista ta ce 52 ido ya ga 19, a tambaya. In kuma alamar halarta ta wata guda duk da biro ɗaya aka yi ta, hannu ɗaya, babu wanda ya taɓa fashi ko ranar ruwan sama, to a zaune aka cike ta.

A karɓi littattafan ɗalibai 3, ba waɗanda malami ya zaɓo ba. A ga ranar aikin ƙarshe, a ga ko akwai jan biro, kuma ko jan biron gyara ne ko sa hannu kawai. A tsaya bayan aji minti 10 a ga wa ke magana: in malami ne kaɗai yana kwafe littafi a allo, su kuma suna kwafewa daga allo, wannan ba koyarwa ba ce. In akwai 'yan kimiyya, a tambayi wa ke riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje da yamma. Sau da yawa yana aljihun wani malamin safe da ya riga ya tafi gida, kuma haka ɗalibai za su shiga jarrabawar gwaji ba su taɓa riƙe kwalbar awo ba.

Ba aikin sufetoci ba ne wannan?

Aikinsu ne. Akwai sashen tabbatar da ingancin ilimi a ma'aikatar tarayya, jihohi ma suna da nasu. Sai dai sufeto ma'aikacin gwamnati ne da ke tashi aiki daidai lokacin da ajin yamma ke farawa, kuma takardar da yake cikewa an tsara ta ne domin makarantar safe. A nemi littafin baƙi a ga ranar da wani jami'i ya zo na ƙarshe da abin da ya rubuta. Kwamitin kula da makaranta na unguwa, SBMC, yana da hurumin tambayar duk abin da aka lissafa a sama, kuma zai fi amfani in akwai ɗaya daga ɗaliban yamman a cikinsa. In za a kai kuka, a rubuce ya fi, da kwanan wata da adadi, zuwa ofishin shiyya na hukumar da ke riƙe da cibiyar, a ba mai unguwa kwafi.

Cibiyarmu wani shiri ne na masu ba da tallafi ya buɗe ta. In sun tafi fa?

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kowane shiri na tallafi ko na bashi yana da ranar rufewa, karatun ɗaliba kuwa ba ya bin wannan kalanda. A tambaya tun yanzu: malaman suna cikin jerin albashin jiha, ko daga asusun shirin ake biyansu? Akwai layin cibiyar a kasafin kuɗin jiha? Ginin na gwamnati ne ko haya? Wadda aka ɗauka a shekarar ƙarshe ta shirin, wa zai kai ta jarrabawa? Fenti da sababbin kujeru suna nuna kuɗi sun shigo, ba sa nuna abin da zai rage bayan shekara 2.

Kyauta ne, ko akwai abin da za a biya?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole har ƙarshen ƙaramar sakandare, wasu jihohi kuma, kamar Kano a 2019, sun shelanta kyauta har babba. Duk da haka akwai kuɗin fom, na yunifom, na littattafai, na mota, sannan mafi nauyi, rajistar jarrabawar ƙarshe, wadda ke kai dubban nairori masu yawa kuma take zuwa a dunƙule. A nemi a rubuto duk abin da za a biya daga shiga har fita, a tambaya ƙarara ko gwamnati na biya wa ɗaliban cibiyar kuɗin NECO ko WAEC kamar yadda take biya wa 'yan safe, da sharaɗin da ta gindaya. In ba ta biya, a fara tari ko a shiga adashi tun daga aji 1 na babbar sakandare, kuma duk kuɗin da aka miƙa a karɓi rasit mai hatimin hukuma.